Tocila a Bakin Cizau

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin da ke bayan gidan mai ya san Cizau, amma da ƙyar za ka samu wanda zai iya kwatanta maka muryarsa. Ƙafafunsa aka fi sani. Kullum ka shigo za ka tarar da su sun leƙo ta ƙofar direba, sanye da wasu tsofaffin silifa, sauran jikin kuwa yana can rigingine ƙarƙashin sitiyari, kai a matse tsakanin birki da kujera. Gyaran wutar mota ne aikinsa. Fitila ta ƙi kamawa, hon ya shaƙe, batir yana sauka babu dalili, duk wurinsa ake turo mutum. Sai ka tsaya ka yi wa ƙafafun bayani, in babban yatsa ya motsa, to an ji ka.

Tocila ce ta jawo masa sunan. Ƙarƙashin sitiyari ko da tsakar rana duhu ne, aikin waya kuma hannu biyu yake ci, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya fere ko ya murɗa. Tun yana saurayi sai ya koyi sa gindin tocila a baki ya cije. Masu sana'ar da yawa sukan yi haka in ta kama, amma shi ya mayar da abin hannu na uku. Da harshe yake karkata hasken hagu ko dama, da muƙamuƙi yake ɗaga shi ya sauke, kansa bai motsa ba, don dama babu wurin motsawar. Kafin idonsa ya isa wuri, hasken ya riga shi. Wanda bai taɓa kwanciya a wurin ba zai ga abin dariya ne, kuma abin dariyar ne, sai dai da shi aka ciyar da gida, aka biya makaranta, har 'yarsa ta ƙarshe ta zama ma'aikaciyar jinya.

Mutumin da bakinsa ke cike tun safe har yamma kuwa ba ya sabawa da magana. Matarsa takan ce ita dai mutum ta aura, ta wayi gari tana zaune da akwatin kayan aiki. In ta tambaye shi ya gareji, ya ce, "Lafiya." In ta ce an yi masa jika, ya ce, "Madalla," kuma har cikin ransa murna yake yi, don takan kama shi yana murmushi shi kaɗai yana wanke hannu. Ba girman kai ba ne. Bai dai taɓa ɗaukar yaron aiki ba, bai taɓa ce wa wani miƙo min filaya ba, har neman taimako ya zame masa abin da bai san ta inda ake fara shi ba.

Ba ya sayen tocila mai tsada. Ƙanana yake saya na ƙarfe, irin waɗanda ake shimfiɗawa a tebur bakin titi, kuma ba ya yarda ɗaya ta mutu a hannunsa da sauƙi. In ta fara fashi, ya kwance gindin, ya ja sifirin ya miƙe, ya kankare tsatsa da bakin sukudireba. In batir yana rawa a ciki, ya ninke takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin biskit ya cusa. In makunni ya lalace, ya haɗa waya kai tsaye, sai ya zama murɗa kai ne kunnawa da kashewa. Wadda ta ƙi ji sam sai ta tafi cikin wani tsohon gwangwanin fenti inda 'yan'uwanta suke jibge, a ciri ƙwan wannan a sa wa waccan. Duk wadda ka zaro daga gwangwanin za ka ga sawun haƙora a gindinta, kamar raken da aka fara sha aka ajiye.

Yana da doka guda a aikinsa, kowa ya san ta. In ya gyara maka mota matsalar ta dawo, kawo ta, ba zai karɓi komai ba. Amma in ya leƙa ya ga naɗin salatif da ba nasa ba, alamar ka kai wa wani, ko kai da kanka ka yi karambani, sai ya fito, ya goge hannu da tsumma, ya miƙo maka makullinka. A nan ne kawai ake jin doguwar magana daga bakinsa: "An taɓa min aiki." Babu irin magiyar da bai sha ba, wasu har da haɗa shi da iyayensa, bai taɓa sassautawa ba.

Haƙori dai ba ƙarfe ba ne, ƙarfen ma da yake cizo ya gaji, balle shi. Na gaba suka fara girgiɗa, Cizau ya ja bakinsa ya yi shiru kamar yadda ya saba, ya koma cizo ta gefe. Sai da kumburi ya hana shi cin abinci sannan 'yar tasa, wadda har yau Auta suke ce mata duk da ta yi aure ta haihu, ta tasa shi gaba zuwa wurin likitan haƙori. Likitan ya leƙa, ya ɗago, ya tambaya ko Baba dutse yake taunawa. Aka cire na gaban sama da ƙasa, aka yi masa na roba. Likita ya ja masa kunne cewa na robar don cin abinci aka yi su da murmushi, in kuwa ya ƙara cizon ƙarfe, ragowar ma bin 'yan'uwansu za su yi.

A gefen garejin akwai wata rumfar kwano da dogon benci a ƙarƙashinta. Asali don masu mota aka ajiye shi, su zauna su jira, amma mai bencin na gaskiya shi ne wani da ake kira Rediyo. Sa'an Cizau ne, tare suka fara aiki wurin mahaifin mai garejin na yanzu, shi a ɓangaren inji. A zamaninsa ƙato ne, yakan rungumi giyar mota ya sauke ta shi kaɗai ana kallo, har ranar da bayansa ya ce ya isa haka nan. Tun daga lokacin ba a sake ba shi aiki ba, shi kuma bai daina zuwa ba. Kullum yana nan cikin doguwar riga, sanda a jingine, yana zuba labarin ƙwallo da tsadar taya da tarihin duk motar da ta shigo, tun daga wanda ya fara sayenta. Matasan makanikai sukan ce, "Haka ne, Baba," su wuce ba su ji me ya ce ba.

Cizau yakan jiyo muryar daga ƙarƙashin sitiyari yana jin haushin surutun, yana kuma jin wani abu da ya fi haushi, wato tsoro. Ba talauci yake tsoro ba, 'ya'ya sun tasa. Bencin nan yake tsoro, da ranar da za a ce masa shi ma ya koma can ya huta. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Shi kuwa kau da kai ya riƙa yi. Ko gaisuwa ce, daga nesa yake ɗaga wa Rediyo hannu ya wuce, kamar zaman bencin cuta ce da ake ɗauka.

Ya dawo aiki daga wurin likita da baki wofi, ya shiga gwaje-gwaje. Ya ajiye tocila a ƙasan mota ya tokare ta da filaya, hasken ya tsaya wuri guda, hannunsa ya shiga gaba ya yi inuwa daidai inda yake son gani. Ya ɗaure ta da waya a jikin sitiyari, ta yi ta lilo. Ya maƙale ta tsakanin kunci da kafaɗa, wuyansa ya riƙe, sai da matarsa ta yi ta gasa masa da ruwan zafi. Aikin da a da yake gamawa kafin mai mota ya gama gaishe-gaishe, yanzu sai ya kai shi azahar.

Auta ce ta zo da magani, a ganinta. Wata ranar hutu ta shigo gida da kwali mai kyau, a ciki tocilar goshi ce, mai robar da ake zagaya kai da ita, ta caji, ba ruwanta da batir.

"Baba, irin wannan muke sawa in an ɗauke wuta muna tsakiyar aiki," in ji ta. "Ba kai ba cizo. Wannan katin kuma garanti ne na shekara guda, in ta samu matsala ka mayar musu su canza maka. Abu ɗaya nake roƙonka, kar ka kwance ta."

"To," in ji Cizau.

Matarsa tana daga kicin ta ce, "Ai gara ki roƙi kaza kar ta yi tono."

Washegari ya ɗaura ta ya fito daga ɗakin kayan aiki, Rediyo ya hango shi ya gyara zama. "Yau kuma likita muka samu? Cizau, motar ce za ta haihu?" Cizau ya shige ƙarƙashin sitiyari. Tocilar dai ba ta da laifi, haskenta ya ninka na duk waɗanda ke cikin gwangwani in an haɗa su. Matsalar ita ce inda goshi ya fuskanta can take haskawa, goshi kuwa ba shi da harshe. Kan Cizau a matse, goshinsa yana kallon ƙarfen sitiyari, idonsa yana neman wata waya can lungun sama, hasken yana ta ɓarnar kansa a inda ba a aike shi ba. In ya yi ƙoƙarin juya kai, tocilar ta maƙale a birki, robar ta sulɓe a kan sanƙonsa.

Sabo turken wawa. Bai daɗe yana wannan fama ba ya cire robar ya ajiye, ya yanko tsohon tiyub na keke ya naɗe jikin tocilar don ta yi laushi, ya sa ta ta gefen baki inda sauran matauna suke. Ya gaya wa kansa cewa likita ƙarfe ya hana, wannan kuwa roba ce. Abin ya yi aiki, Cizau ya dawo Cizau na da, har mai gareji ya ce da alama Baba ya warke. Abin da bai lura da shi ba, ƙofar da ake sa caji tana daidai inda yawu ke taruwa. Bayan 'yan makonni hasken ya fara ƙiftawa, sai ya koma ja-ja, wata safiya ya danna ta ƙi ko motsi.

Bai manta da katin garantin ba, yana cikin kwali a saman kabad, bai kuma manta da roƙon Auta ba. Amma hannun da ya tsufa yana kwance abu ba ya jin roƙo. Ya ce leƙawa kawai zai yi. Ya kwance ƙananan sukurorin, sai ya ga saura ɗaya, yana ƙarƙashin wata 'yar sitika mai ƙananan rubutu, ya huda ta da bakin sukudireba bai tsaya karantawa ba. A ciki bai tarar da sifirin ba, bai tarar da wayar da zai bi ba, sai wani ɗan koren faranti kamar farcen babban yatsa, da ɗigo-ɗigon abubuwa a jiki, gefe guda ya yi fari da tsatsa. Ya goge da fetur, ba ta kama ba. Ya ɗauko ƙarfen dalmarsa, wanda bakinsa ya kusa kai farantin girma, ya ɗan taɓa wurin da yake zargi, wani ɗigo ya narke ya biyo ƙarfen ya fito. Garin neman gira ya rasa ido. Ya daɗe zaune yana kallon ɓarnar, sannan ya mayar da komai, ya shafe sitikar da gam, ya maido robar goshin, ya sa ta cikin kwalinta.

Shagon da Auta ta sayo ta irin na gilashi ne, mai sanyin na'ura, wanda mutum mai baƙin mai a farce yakan rasa inda zai ajiye hannu. A bayan kanta ya tarar da wata mata mai tabarau, ta karɓi kwalin da katin cikin ladabi.

"Sannu, Baba. Me ya same ta?"

"Ta mutu."

"Faɗuwa ta yi?"

"A'a."

"Ta faɗa ruwa?"

Cizau ya ɗan yi tunani, ya ce ba ta faɗa ba. Matar ta juya tocilar a ƙarƙashin fitilar shagon, ta shafa jikinta da yatsa. Tiyub ɗin bai tare komai ba, ga lotsa-lotsa nan a jere, sama da ƙasa.

"Baba, akwai yaro mai fitar da haƙori a gida?"

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya ce, "Ni ne."

Matar ta sunkuyar da kai tana gyara tabarau, kafaɗarta tana ɗan rawa. Da ta samu kanta sai ta kai farce kan sitikar, ta ɗaga ta, ramin ya fito fili.

"An buɗe ta."

"Leƙawa na yi."

"Wallahi, Baba, da ba a buɗe ba, da na tura musu da cizon da komai, in yi shiru in ga abin da za su ce. Amma tunda an taɓa cikin, ba za su karɓa ba. Za su ce ba su san me aka yi mata ba."

Cizau ya buɗe baki zai yi magiya, sai ya ji kalmomin da ke zuwa masa su ne waɗanda masu mota suka sha faɗa masa yana goge hannu da tsumma. Wanzami ba ya son jarfa. Ya rufe bakin, don ya san matar tana da gaskiya, shi ma da shi ne a bayan kantar abin da zai yi ke nan. Ta ce ana iya aikawa a canza farantin, sai dai in ya haɗa kuɗin gyara da na aikawa, da ɗan ƙari kaɗan zai sayi sabuwa.

"Sabuwar," in ji shi, "in an cije ta fa?"

"Haka za ta yi, Baba. Ba don baki aka yi ta ba."

Wannan maganar ce ta biyo shi har gida, ba ta kuɗin ba. Ya gane babu tocilar da za a sayo masa ta mayar masa da abin da ya rasa.

Ya zaci Auta za ta yi fushi saboda tocilar. Da uwarta ta ba ta labari, ko kallon kwalin ba ta yi ba, ta ce ya buɗe baki. Ta wanke hannu ta taɓa mataunan ɗaya bayan ɗaya, ta ji na ƙarshe yana motsi, sai idonta ya kawo ruwa.

"Baba, tocila ba komai ba ce, gobe sai in sayo goma. Amma me zai hana ka huta haka nan? Me ka rasa?"



"Ki bar shi ya je," in ji matarsa. "In ya zauna gida ni zai fara kwancewa. Ubanki in ba ƙarƙashin mota ba, bai san inda zai sa kansa ba."

"To ya yi min alkawari ba zai ƙara sa komai a baki ba. Ba 'to' nake so ba, Baba, na san 'to' ɗinka."

Ya dube ta, ya ga yadda take goge ido da bayan hannu kamar lokacin da take ƙarama. Ya ce, "Na yi alkawari."

Ba a jima ba aka kawo wata motar raba burodi, duk sanda aka kunna sigina sai fis ya ƙone. Tun safe Cizau yake ciki, rana ta take, direban yana ta kai da kawowa yana duba wayarsa yana tsaki. Mai gareji ya zo ya tsuguna kusa da ƙafafun. Yaro ne mai kirki, a gaban Cizau ya yi rarrafe, shi ya sa maganar ta yi masa nauyi.

"Baba, ba don komai ba wallahi. Ka bari in kira wani ya ƙarasa. Kai ka dinga zama a rumfa, in an rasa gane abu a zo a tambaye ka. Ba zan rage ka da komai ba."

Da faɗa ya zo da shi, da Cizau ya san yadda zai yi. Tausayin ne ya soke shi. Ya ce, "Ba ni lokaci zuwa la'asar."

Ya san inda matsalar take, yatsunsa sun gaya masa. Wata waya ce ta goge a bayan akwatin fis, cikin dami guda na wayoyi, tana taɓa ƙarfe. Amma sai ya ga launi zai san wacce, yatsa kuwa ba ya ganin launi. Akwai ɗaya daga tsofaffin tocilolinsa a aljihun ƙirji. Ya zaro ta, ya kai ta har leɓe, ya ji sanyin ƙarfen da ya sani, sannan ya sauke. Yana kwance yana kallon duhu, yana jin Rediyo can yana ba direban burodi labarin wata motar da aka daina yin irinta. Daga nan ya zamo jiki ya fito, ya karkaɗe riga, ya nufi rumfar da ya daɗe yana kewaye wa.

"Rediyo."

"Na'am? Jama'a, ku shaida, yau Cizau ya yi magana ba a taɓa masa aiki ba."

"Zo ka riƙe min tocila."

Rediyo ya waiga bayansa, ya ga babu kowa sai bangon kwano. Ya dawo da kallonsa. "Ni?"

"Bayan naka zai bar ka ka zauna a kujerar gefe?"

"Zama ai shi ne sana'ata yanzu."

Ya dogara sanda ya tashi, ya bar labarin a tsakiya. Da ƙyar ya hau kujerar, ya karkata ya zura hannu ƙarƙashi, ya dalle wa Cizau tocilar a ido.

"Ba fuskata ba. Sama. Saman hannuna. Dama kaɗan. Damata, ba taka ba."

Abin da harshe ya shekara yana yi ba tare da an gaya masa ba, yau sai an mayar da shi magana, kuma Cizau ya ji wahalarsa. Ya yi ta nemo kalmomi, yana faɗa yana gyarawa, haushi yana taso masa yana dannewa. Sai dai ya manta da wa yake aiki. Rediyo tsohon makanike ne, ya san inda hannu zai nufa kafin ya nufa. Bayan ɗan lokaci ya daina jiran a gaya masa, ya koma bin yatsun da ido, ya kawo hasken ta gefe yadda hannu ba zai yi inuwa ba. Hasken yana ɗan rawa, amma yana inda ake sonsa. Cizau ya rarraba wayoyin, ga wata koriya nan ta goge har jan ƙarfenta ya fito. Ya yanke, ya haɗa, ya naɗe da irin naɗinsa. Sai da ya sa sabon fis sigina ta fara ƙyas-ƙyas sannan ya lura cewa tun da suka fara bai ji labari ko ɗaya ba.

Mai gareji ya zo ya leƙa, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce, "Sannunku, Baba," bai ƙara ta da maganar rumfa ba. Rediyo ya sauko yana cije leɓe saboda bayan, ya miƙo tocilar. Cizau ya ce ya riƙe ta, gobe akwai wata motar.

Ya koma gida da sanyi a rai, ya tsallake benci. Akwai 'yar kunya a ciki, ta cewa yanzu sai da hannun wani, amma ya ga zai iya haɗiye ta. Tunanin kansa kawai yake yi, bai ko tuna da Rediyo ba.

Cizau ne yake fara zuwa gareji kullum, makullin ƙofa ma a hannunsa yake. Washegari da safe ya karyo kwana sai ya hango mutum tsaye a bakin ƙofar, bai gane shi ba sai da ya matso. Rediyo ne cikin tsohuwar shuɗiyar rigar aikinsa, an wanke ta an goge har da kari a hannu. Ta yi masa yawa a kafaɗa, ta matse shi a ciki, maɓalli ɗaya ba irin sauran ba ne, tana warin ƙasan akwati. Tocilar tana aljihun ƙirji, an goge gilashinta tas. Ya ɓoye sandar a bayansa.

"Na ce kar in makara," in ji shi.

Cizau ya tsaya da makulli a hannu. Sai yanzu ya gane abin da mutumin yake yi a kan bencin nan duk shekarun nan, da abin da surutun yake rufewa. Jira yake wani ya kira shi. Shi kuwa da suka fara aiki tare, ya fi kowa sanin abin da hannun nan ya iya, kullum ɗaga masa hannu yake daga nesa ya wuce. Kunyar da ta kama shi ta fi ta jiya nesa ba kusa ba.

"Ya bayan?" ya tambaya.

"Yana nan. Jiya ko runtsawa bai bar ni na yi ba." Rediyo ya yi dariya, ya taɓa aljihun ƙirjinsa. "Na sa mata sabon batir. Wace mota ce ta farko?"

Cizau ya buɗe ƙofar, ya matsa gefe, ya bar shi ya fara shiga.